Jane Ta Biyu Daga Hagu

Ranar Lahadi na kai kakata Nola Pybus gidan Merridale, tsohon gidan tarihi da aka gama gyarawa bara. Shekarunta tamanin da ɗaya, kuma abu guda ya kawo ta: hoton kakarta, wadda ta yi aikatau a gidan tun tana 'yar shekara goma sha huɗu.

Mai zagayawa da baƙi, wani dattijo Mista Hallam, ya fara da lambu. Ya san sunan kowane fure da shekarar da aka kawo irinsa daga Ingila a jirgin ruwa. Har kaburburan karnukan maigidan ya nuna mana a gindin tuffa, kowanne da sunansa a kan dutse. Kaka tana tafe a hankali da sandarta, tana shinshina furanni.

A ɗakin girki muka tarar da hoton. Mata biyar da fararen huluna, a ƙasa an rubuta a kati: Jane ta ɗaya, Jane ta biyu, har zuwa ta biyar.

"Al'adar gidan ce," in ji Mista Hallam yana murmushi. "Uwargida ba ta son wahalar riƙe sunaye, duk wadda aka ɗauka sai ta zama Jane. Baƙi suna jin daɗin labarin nan."

"Na karnuka dai ba ku manta ba," na ce. "Shekara shida kuna gyara, har labule kuka sa aka saƙa irin na da, amma an rasa mai buɗe rajistar coci ya duba sunayen matan nan?"

"Tegan, sauke murya," in ji Kaka. "Nan ba ajin ɗalibanki ba ne."

Ta ɗaga sanda ta nuna ta biyu daga hagu. "Wannan ce kakata, Bridie Quill. Wata biyu ta ƙi amsa Jane, sai da aka hana ta zuwa ganin uwarta sannan ta amsa. Sunanta nake so a rubuta."

"Sauya kati sai kwamiti ya zauna, Misis Pybus. Sai watan Maris."

"Dube ni da kyau, yaro. Na yi maka kama da mai jiran Maris?"

Mista Hallam ya daɗe yana kallon hoton. Can ya zare katin, ya miƙo mata alƙalami.

"A'a," ta ce. "Rubuta da kanka, kai za su yi wa faɗa."

Ya ɗora katin a kan teburin kwaɓa fulawa, ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe, ya mayar.

"Sauran huɗun fa?" na ce.

"Wannan aikinki ne, sarkin baki," in ji Kaka. "Ni yanzu shayi nake so."