Yafiyar da Aka Ajiye Sai La'asar

"Allah gafarta Malam, ni ne dai na sake dawowa."

Malam Ƙasimu bai ɗago kai ba. Yana zaune a kan buzu a soron gidansa, ya baje takardun tafsiri yana shafe su ɗaya bayan ɗaya, don saura kwana uku a dubi watan azumi. Ko bai duba ba ya san mai sallamar. Wa ke da wannan dusasshiyar murya a lungunsu na Jakara in ba Ɗantani makaɗin mahauta ba, maƙwabcin da ƙofarsa ke kallon tasa?

"Na ji ka," in ji Malam Ƙasimu. "Tsaya nan daga bakin ƙofa. Akwai ayoyi a shimfiɗe."

Ɗantani ya dafa bango ya durƙusa da ƙyar. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum, har takalmi ya daina shigarsu, numfashinsa kuwa sai ya tattaro shi kafin ya yi magana. Zuwansa na uku ke nan a watan nan na Sha'aban.

Shekara arba'in Ɗantani ya yi yana kaɗa kalangu a rumfunan mahauta a Kasuwar Kurmi. Da ciwo ya kama shi a farkon bazarar nan, ya ji a jikinsa ba mai tashi ba ne, sai ya sa wuƙa ya farke fatar kalangun ya rataye shi a soro. Daga nan ya shiga bin gida-gida yana neman gafarar duk wanda ya taɓa yi wa zambo, don ya shiga azumi ba haƙƙin kowa a wuyansa. Mutane suka yi ta yafe masa, wasu har da dariya da tuna baya. Gida ɗaya ya rage.

Shi Malam Ƙasimu kayan yaji yake sayarwa a Kurmi, kuma shi ke ba da karatu a masallacin unguwa bayan la'asar. Mutum ne mai ilmi, wannan ba musu, kuma ya fi kowa sanin haka. Sai dai yana da wata ɗabi'a. In azumi ya zo, magariba ta kawo kai, maƙwabta suna fito da tabarmi da ƙoren kunu ƙofar gida don mai wucewa ya samu, shi sai ya ja ƙyaure ya danna sakata ya sha ruwa shi kaɗai. Wai don ya samu natsuwar addu'a. Addu'ar kuwa da ƙosai da dabino da farfesun kaza ake yinta.

Shekara ashirin da suka wuce, wata rana Malam ya ratso ta rumfar mahauta, sai Ɗantani ya matse kalangu a hammata ya sa shi ya yi magana: "Rufe ƙofa, baƙo na tafe." Mahauta suka fashe da dariya. Kafin mako duk Jakara ta ɗauka, sunan ya manne masa, Malam Rufe-Ƙofa. Tun daga ranar bai ƙara amsa gaisuwar Ɗantani da fiye da ɗaga yatsa ba.

"Malam, ka san abin da ke tafe da ni," in ji Ɗantani. "Na ci mutuncinka. Bakina da hannuna suka jawo mini. Ka yafe mini don Allah, kafin watan nan ya tsaya."

Malam Ƙasimu ya dube shi sama da ƙasa. Dubi wai mai tuba! Riga duk warin kitse, haƙora jajawur da goro, Fatiha ma in ya karanta sai ka rasa inda ya nufa. Shekara arba'in yana tara wa Shaiɗan jama'a, yanzu da ya hango kabari ya zo a wanke shi a tsaye, kamar mai wanke ƙwarya.

"A ina ka yi mini abin?" ya tambaya.

"A kasuwa, Malam."

"A soro ka yi shi, daga ni sai kai?"

"A'a, Malam. A bainar jama'a."

"To a bainar jama'a za ka nemi gafara. Ranar da za a dubi wata, bayan sallar la'asar, ka zo ƙofar masallaci. Ka faɗi abin da ka yi da bakinka kowa ya ji. Sannan ka ji abin da zan ce."

Ɗantani ya dubi ƙafafunsa. "Allah gafarta Malam, ƙafafun nan ba lallai su kai ni jibi ba, balle gata."

"Da kake bin mahauta rumfa-rumfa ai kai ka suke yi."

 Ɗantani ya laluba aljihu ya fito da farin goro guda, ya ajiye a gefen bakin ƙofa, ya dafa bango ya miƙe. Malam Ƙasimu ya sa bakin takalmi ya tura goron bayan ƙyaure, ya koma kan takardunsa.

Kada a ce Malam bai yi niyyar yafewa ba. Ya yi, dole ma ya yi. Shi da bakinsa, ran sha biyar ga watan nan, ya karantar a masallaci cewa in mutum biyu suna gaba, jingine ayyukansu ake yi har sai sun shirya. Bai da niyyar ya sha ƙishirwar bazara kwana talatin a banza saboda wani makaɗi. Abin da yake so kawai shi ne a yi abin a tsarinsa, a ranar da ya sa, a gaban mutanen da suka yi dariya.

Washegari Liman Isyaku, limamin unguwa, ya tare shi suna fitowa daga masallaci. Tsoho ne mai sanyin magana.

"Malam Ƙasimu, na leƙa Ɗantani ɗazu. Jikin ya yi nauyi. Da ka shiga ka faɗa masa kalmar nan, ai ba ta fi numfashi ɗaya ba."

"Allah gafarta Malam, irinsu ba sa mutuwa da wuri. Na sa masa rana."

"Ka sa masa rana," in ji Liman. Ya gyara rawani ya wuce.

Shirin azumi kam ba wanda ya kai Malam Ƙasimu a unguwar. Ya sa an shafe soro da farar ƙasa. Ya sayo sababbin tabarmi biyu ya kai masallaci da kansa, da rana tsaka, ta hanyar da ta fi jama'a. Ya kira wanzami ya yi masa aski, ya aika da babbar rigarsa wurin mabuga ta dawo tana sheƙi. A cikin gida an surfa gero, an tanadi tsamiya, an wanke randuna. Abin da ya fi cin lokacinsa kuwa shi ne jawabin da zai yi a ƙofar masallaci. Yana auna wa mata masoro da kanumfari a rumfa, bakinsa na motsi yana bitarsa. Zai fara da illar harshe, ya biyo da falalar haƙuri, ya ɗan yi shiru jama'a su zuba masa ido, sannan ya ce ya yafe. Har inda zai ɗora hannu a kafaɗar Ɗantani ya tsara, amma da ya tuna warin rigar sai ya fasa wannan.

Ranar duban wata, da hantsi, ya fito da kekensa zai tafi kasuwa, sai ya ga Kande matar Ɗantani tsaye a bakin ƙofarsu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Tsohuwa ce, ba ta taɓa yi masa magana ba sai ran nan.

"Malam, ina kwana. Maigidan ne ke kiranka. Ya ce ko daga bakin ƙofa ne ka tsaya ya ji muryarka."

Malam Ƙasimu ya yi tsaki a ransa. Wato dabara ce, a jawo shi ɗaki a gama a ɓoye, jawabinsa ya tashi a banza. Makaɗi dai makaɗi ne, ko a kwance yake.

"Ki ce masa la'asar. In ba zai iya tafiya ba, abokansa mahauta ai ƙarfafa ne, su ɗauko shi."

Ya hau keke ya tafi. A kasuwa ciniki ya yi kyau, don kowa na sayen kayan kunu da na miya, har bai san rana ta take ba.

Da azahar ya dawo, tun daga bakin lungu ya hango tabarmi a shimfiɗe, da mutane zazzaune, da makara jingine a bangon gidan Ɗantani. Ya sauka daga keke. Wani mahauci ya ce masa, ba tare da ya dube shi ba, "Ya cika tun kafin rana ta take."

Abin da ya fara zuwa zuciyar Malam Ƙasimu ba tausayi ba ne, kuma ba tsoro ba. Haushi ne. Ya ji kamar Ɗantani ya sake yi masa wani zambon, ya zame ya bar shi da jawabi a baki da riga bugaggiya a jiki.

Aka yi wanka, aka sa likkafani, aka fito da gawar ƙofar gida. Kafin a ta da salla, Liman Isyaku ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Bayin Allah, ga Ɗantani nan. Duk wanda ya ɓata wa, ya yafe masa."

"Mun yafe," in ji jama'a baki ɗaya.

Malam Ƙasimu ma ya faɗa. Amma muryarsa ta nutse cikin ta mahauta da dukawa da 'yan ga-ruwa, ko wanda ke kusa da kafaɗarsa bai ji ba. Ba wanda ya waiwayo. Aka yi salla aka ɗauki makara, ya bi su har maƙabarta a cikin zafin nan mai dafa ƙwaƙwalwa, rigar mabuga ta jiƙe sharkaf da gumi. Lokacin da ake kiran la'asar, ƙasa ake turawa.

Da suka dawo, Liman ya kama hannunsa. "Zo, Kande na da saƙonka."

Suka shiga soron Ɗantani. Ɗan ƙaramin wuri ne, ba shafe, ba shimfiɗa, sai kalangun nan a rataye da farkakkiyar fata. Kande ta yi magana daga bayan asabari, muryarta a dushe.

"Malam, ya ce in gaya maka ya yafe maka."

Malam Ƙasimu ya ɗaga gira. "Ni? Ni me na yi masa?"

"Azumin shekarar da ya yi maka kiɗan nan, gyatumarsa na kwance ba lafiya, kuma ta ƙi ajiye azumi. Ran nan ba mu ɗora tukunya ba. Ya ɗauki ƙoƙo ya tsallaka ya yi maka sallama sau uku, ko kunu ludayi biyu ya samo mata. Daga nan inda nake na ji ƙarar sakatarka."

Malam ya buɗe baki zai ce bai ji sallamar ba, sai ya rufe. Ya ji ta. Har farfesun da ke gabansa ran nan yana iya tunawa.

"Bai so a tayar da wannan ba," in ji Kande. "Ran da ka yi karatun masu gaba yana zaune a waje, jikin tagar masallaci, don ya san ba ka son ganinsa a sahun gaba. Ya dawo ya kasa cin tuwo. Ya ce shi nasa aikin ba yawa, ko an jingine ba a yi asarar kirki ba. Amma Malam, da karatunsa da tafsirinsa, a ce an jingine masa azumi guda saboda shi? Shi ya sa yake ta jan ƙafa yana zuwa."

Liman Isyaku ya sunkuyar da kai.  Kunya ta rufe Malam Ƙasimu, mai jawabin kwana uku, irin wadda bai taɓa ji ba ko ran da mahauta suka yi masa dariya. Ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya fita, har ya manta da takalminsa sai da Liman ya nuna masa.

Da magariba aka ga wata siriri ta wajen Goron Dutse, aka buga bindiga daga fada, gari ya ɗauka gobe azumi.

Washegari da yamma, da rana ta yi ja, aka kawo wa Malam kunun tsamiya da ƙosai da dabino soro. Maƙwabta suka fara fito da tabarmi. Ya miƙe kamar kullum ya kama ƙyaure zai ja, sai wani abu ya gangaro daga bayansa ya tsaya a jikin ƙafarsa. Goron nan ne, ya bushe ya yamutse. Ya ɗauka ya daɗe yana dubansa, sannan ya tura ƙyauren ya buɗe shi har bango.

Ya jawo buzunsa bakin ƙofa, ya ajiye ƙwaryar kunu da ludayi biyu. Ladan ya kira salla. Mutane suka yi ta wucewa, masu dawowa daga kasuwa, da baƙi masu neman inda za su sha ruwa. Kowa ya zo daidai ƙofar sai ya wuce ta gaba, don shekara ashirin an san ba a tsayawa a nan. Malam Ƙasimu na zaune da goron a tafin hannu yana kallon rufaffiyar ƙofar Ɗantani, har kunun ya huce.