Tebur da Lema

Shekara arba'in ke nan mawaƙin yana dirowa daga kan tebur. Asalin abin wani fim ne na waƙe-waƙe da ya yi yana saurayi, wanda labarinsa bai cika cokali ba: yaro na son yarinya, yarinya na son a yi mata waƙa. A ƙarshe yaron ya hau teburin cin abinci, ya buɗe lema, ya diro. Waƙoƙin da ya zubar wa gumi duk an manta da su, tebur ne ya ƙi mutuwa. Duk inda aka gayyace shi, kafin a ba shi ruwan sha an jawo tebur, an miƙo lema.

A taron ƙarshe teburin na roba ne. Ƙugunsa ya karye.

Yanzu yana kwance a asibiti, ko juyi ba ya iyawa, kuma rabonsa da kwanciyar hankali irin wannan har ya manta. Abu ɗaya yake jira: likita ya faɗa a gaban shaidu cewa tsalle ya ƙare.

Sai masu jinya suka gane shi. Don su faranta masa rai suka nemo fim ɗin, suka sa a talabijin ɗin da ke daidai ƙafar gadonsa, safe da yamma.

"Baba, dubi sumarka a lokacin!" in ji 'yarsa.

"Ita ta fi ni wayo, ta gudu da wuri."

Ƙanensa, mai karɓar masa gayyata, ya matso da kujera. "Yaya, mutane sai bugowa suke. Me zan ce musu?"

"Ka ce su nemi ɗan akuya."

Ana haka likita ya shigo da hoton ƙashi, bakinsa har kunne.

"Baba, ka san ranar da muka kalli fim ɗin nan na ce wa matata ina sonta?"

"Allah ya ba ta haƙuri."

"Da wani ne, sanda zan ba shi ya tafi. Amma kai? Ban taɓa aikin da ya yi kyau haka ba. Kafin shekara ta zagayo ka hau tebur."

"Likita, ƙara duba hoton nan. Ni fa ina jin kamar ya karkace."

"Ko kusa!"

Ɗakin ya ɗauki tafi, har da wani majinyaci mai hannu ɗaya a filasta, yana bugun gado. Ƙanen ya fice da waya a kunne.

Likita ya sunkuyo, ya rage murya. "Baɗi 'yata za ta yi aure. Kada ka damu, namu na katako ne."

Mawaƙin ya ɗaga ido. A talabijin, yaron ya riga ya buɗe lema.