Baiwar Allah ta Jikin Tsamiyar Goggo Samruai

Ranar da hukumar gari ta kafe sabuwar taswira a bakin kasuwa, mu 'yan acaɓa muka fara zuwa kallo, tunda ba mu da aikin da ya fi wannan. An shafe tsakiyar gari da jan fenti, wai unguwar manyan shaguna da benaye. Masu tebur duk za a kwashe su zuwa bayan tasha, inda ko kare ba ya bi sai ya ɓata hanya. Tsamiyar da Goggo Samruai ke sayar da taliya da romo a gindinta kuwa, an zana mata layin ajiye motoci a kai.

Goggo ce ta riƙe ni tun ina ƙarami, ita ce kuma ta bi ni da ludayi ranar da na ce na gama da makaranta. Da na kai mata labari, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Bayan tasha? Wa zan sayar wa, Piak? Sauro?"

Ana gobe za a sare bishiyar, aka tsuge da ruwa da rana tsaka, kowa ya shige rumfa. Na ɗauko ƙyallaye uku, ja da kore da rawaya, na tumurmusa su a taɓo don su tsufa, na naɗa wa tsamiya a ƙugu, kamar yadda ake yi wa bishiya mai iska a garinmu. Na jera jan lemon kwalba da tsinken zuƙa a ciki, na kafa turaren tsinke, na rataye wata rigar mata ta gargajiya a reshe. Ko ni da na ja baya na duba, sai da tsigar jikina ta ɗan tashi.

Da safe ma'aikata suka iso da zarton inji. Shugabansu, Kawu Chaliao, ya yi turus, ya tuɓe hula, ya haɗa tafin hannu a goshi. Injiniya Wirot, wanda ya zana taswirar, ya fito daga mota yana kumfar baki.

"Jiya na wuce nan, babu wannan tarkacen!"

"Jiya ai ba ta san za a sare ta ba, ranka ya daɗe," in ji Kawu.

"Wace ce ba ta sani ba?"

"Mai gidan, iskar da ke cikinta. Ka rage murya."

"Ku tada inji ku yi aiki!"

Kawu ya miƙa masa zarton da hannu biyu. "Ku da kuka yi karatu ba ta taɓa ku. Ni ina da jikoki."

Injiniya ya dubi zarto, ya dubi rigar tana lilo a iska. Daga layin acaɓa wani ya ɗaga murya: "Yallaɓai, ba madam ce ke da tsohon ciki ba?" Sai ya ce zai koma ofis ya duba wani abu. Yana juya mota muka ji ya danna hon, irin gaisuwar da direbobi ke yi wa wuri mai iska.

Kafin mako ya zagayo, tsamiya ta fi asibiti jama'a. Tsofaffin mata na goga mata hoda a ɓawo suna ƙanƙance ido, ko lambar caca za ta fito. Duk wanda ya gaji da tsugunno sai ya zauna ya sha romo. Da aka ce surukar ciyaman ta ci kuɗi da lambar da ta gano, magana ta ƙare. Aka sake kafe taswira, da ɗan koren ɗigo a tsakiyar jan, titi ya yi kwana ya kauce masa. Teburin Goggo ya faɗa cikin ɗigon, wai ita ce mai hidimar wurin.

Ina cikin shan romon nasara Goggo ta zauna kusa da ni.

"Baiwar Allah ta zo mini a mafarki."

Na kusa ƙwarewa. "Wace baiwar Allah, Goggo?"

"Ta jikin bishiya. Ta ce koren zanen da aka ɗaura mata ya yi kama da wanda ya ɓace a igiyata. Rigar ma ta ce tamkar ta bikina."

Na ci gaba da kallon kwano.

"Ta ce wanda ya tufatar da ita shi ne yaronta. Kullum ya share gindinta kafin a buɗe kasuwa, ya sake mata lemo. In an gina sababbin benayen nan aka yi odar taliya daga can, shi zai kai."

"Goggo, ni fa ina da fasinjoji."

"To in je in tambayi Injiniya ko ya san mai zanen?"

Yanzu kullum da tsintsiya nake fara sana'a, abokai na kirana angon tsamiya. Kuma in na zo wucewa a babur, ina danna hon. Na san ni na naɗa ƙyallen da hannuna, amma rigar nan takan yi lilo ko babu iska.