Garin da Aka Share daga Fuskar Kwamfuta

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce muku ya riga ni, ƙarya yake, domin ni nake buɗe ofishin ƙungiyar iyalan waɗanda suka ɓata tun ƙarfe shida na safe, shekara goma sha biyu ke nan, ban taɓa makara ba ko ranar da aka cire mini haƙora uku. Na shiga da tsintsiyata na tarar an bar kwamfuta a kunne. Fuskarta fes, shuɗiya, babu komai sai 'yan jakunkuna huɗu a jere a gefe. Na ce a raina, yau Doña Eulalia ta shiga uku.

Ban yi makaranta ba, ko sunana Anacleto ban iya rubutawa ba, amma na san abin da ke kan fuskar nan har jiya. Garinmu ne, Santa Inés del Monte, yadda yake kafin a ƙone shi. Eulalia, sakatariyar ofishin, ita ta zana shi da hannunta, da cocin, da rafin, da injin niƙan masara, gida bayan gida, ta ɗauki hoton zanen ta shimfiɗa a fuskar kwamfutar. Da aka tono ramin bayan coci, likitocin ƙashi suka tafi da gawa sittin da ɗaya babban birni, suka bar mana hotunan tsummokaran da ke jikinsu, kowane da lambarsa. Tsofaffi suka riƙa zuwa suna dubawa. Wata ta ce, wannan ɗamarar ɗana ce, ni na saƙa. Sai Eulalia ta ja hoton da linzamin kwamfuta ta ajiye a kan gidan matar. Shi ke nan. Ba a rubuta suna.

A Santa Inés ba ma rubuta sunan maƙwabci. Masu bindigar da suka ƙone garin da takardar sunaye suka zo, a ƙofar coci suka karanta ta. Ni kwana biyu na yi a ƙunshe cikin ɗakin wankan tururi ina jin ana kiran sunaye, kuma ga ni nan da raina, na binne yawancin waɗanda suka fi ni wayo.

Eulalia ta iso ƙarfe bakwai da rabi. Ta ajiye jakarta, ta zauna, ta dubi shuɗin nan ta daɗe. Ko mayafinta ba ta cire ba har Yesenia ta shigo. Yesenia ce sabuwar shugabar ofis da aka turo daga birni mako uku da suka wuce, mace mai kirki, kullum sai ta kawo mini burodi mai sukari.

"'Yata," in ji Eulalia, "ina garin?"

"Wane gari, Doña? Au, hotunan? Suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Jiya da kika tafi asibiti na zauna na gyara miki, na jera su shekara-shekara. Likitoci za su zo yau, bai kamata su ga tarkace ba. A kwas an koya mana, in fuskar kwamfuta ta cika, kan mai ita ma ya cika."

"Tarkace," in ji Eulalia a hankali.

"Sai ki ba ni jerin sunayen in haɗa da lambobin."

"Jerin kika share."

Na ga fuskar yarinyar tana canzawa da Eulalia ta yi mata bayani. Ta danna nan, ta danna can, ta kira wani masanin kwamfuta a waya har sau uku. Zanen garin ya dawo. Hotunan ma sun fito daga jakunkunan, amma a jere suka tsaya, layi-layi, babu wanda ya san hanyar gidansu. Masanin ya ce kwamfutar ba ta riƙe inda kowane hoto yake a da.

"A sake kiran tsofaffin," in ji Yesenia.

"Je ki maƙabarta ki kira su," in ji Eulalia. "Sun mutu. 'Ya'yansu suna goye lokacin, wasu ma suna ciki. Wa ya san rigar ubansa?"

Ƙarfe biyu likitocin za su zo, kuma zuwan ƙarshe ne. Gidan da ya ba da lamba, a ɗebi yawun mutanen gidan a gwada, a maido musu da mamacinsu. Wanda ba a ba da lambarsa ba, ƙarshen wata a zuba shi kabari ɗaya da saura, a can birni.

Eulalia ta zauna tana buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Duk launin ƙasa ne, duk a yage. Shekara da shekaru wurinsu take kallo, ba su kansu ba. Ta tuna takalmin roba mai igiyar waya, na gidan mai niƙa ne. Ta tuna wata sarƙar gicciye. Kofinta ya huce, na sake ɗumamawa, ya sake hucewa. Da rana ta take, bakwai ta samu.

Motar tsakar rana ta sauke wata tsohuwar garinmu, Petrona Ixcoy, 'yarta na riƙe da hannunta, domin idanun tsohuwar sun tafi shekara biyar da suka wuce. Tana rungume da sabon zane da ta sa aka saƙa don naɗe ƙasusuwan mijinta Gaspar.

"Wannan tarin na Anacleto ne," in ji ta tun daga ƙofa. "Tsohon banza, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Mutuwa ta gwada sau uku ta gaji, komadre, tsohuwar aminiyata. Ke kuma wa kika yi wa kwalliya?"

"Mijina mana. Kai wa zai yi wa?"

Ba wanda ya yi dariya sai ita. Eulalia ta zaunar da ita ta gaya mata gaskiya, ba ta ambaci sunan Yesenia ba. Petrona ta ce rigar Gaspar tana da faci a kafaɗar hagu, da koren zare, ita ta ɗinka. Muka duba. Riguna tara ne masu faci a kafaɗa, zaren kowace ya koma launin ƙasa.

"Ku ba ni in taɓa. Hannuna ya san ɗinkina."

'Yarta ta ɗora mata yatsu a kan gilashin. Ta shafa daga wannan gefe zuwa wancan, ta janye hannun ta mayar cikin zanen.

Dakta Ovalle, ɗaya daga likitocin ƙashin, ya iso da akwatinsa, ya ji labari, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ba su da halin gwada kowa da kowa, aikinsu ya zo ƙarshe. Lamba ɗaya, gida ɗaya.

Nan na ajiye tsintsiya. Na ce, ranka ya daɗe, shekara goma sha biyu ina shara a bayan kujerar nan, kuma idona bai taɓa mantuwa ba. Na nuna masa rigar Gaspar, ta huɗu a layi na biyu. Ya ce sai in ba da suna a matsayin shaida. Ni da ko a coci ban yarda an rubuta ni ba. Na dubi Petrona, na ce rubuta, na dangwala yatsa a ƙasa.

Sai ya ce bari ya gwada ni. Ya buɗe hoto, na faɗi gida. Ya buɗe wani, na faɗa. Goma sha biyu a jere, ban yi ko tari ba. Ya rufe littafinsa.

"Don Anacleto, na uku da na goma hoto ɗaya ne. Gida biyu ka ba ni."

"Wa da ƙane ne. Riga ɗaya gare su ta zuwa kasuwa, kowa ya sani."

"Wa zai tabbatar?"

Na waiga. Babu wanda ya rage da ya isa ya tabbatar. Ya ce in yi haƙuri, ya ja layi a kan sunana, sunan da na ɓoye shekara arba'in. Ya ɗebi yawun gida bakwai, ƙarfe huɗu motarsu ta tashi.

Yesenia tana ɗakin baya tana kuka. Eulalia ta ja hotuna bakwai ta mayar kowane gidansa, sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta buga suna a ƙarƙashin kowane, da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Hamsin da huɗu suka rage a jere a bakin rafi.

"Eulalia," in ji Petrona, tana tattara zanenta, "Gaspar ya koma gida?"

Eulalia ta dube ni. Ta kama linzamin, ta ja ta huɗu a layi na biyu, ta haye rafi da ita, ta wuce injin niƙa, ta ajiye a gidan da ke ƙarƙashin itacen afokado.

"Ya koma, komadre."

"To, ajiye masa wannan." Ta bar zanen a kan kwamfutar. Har yau yana nan, ni nake kaɗe masa ƙura.

Ƙarshen wata aka binne su a birni, Gaspar a ciki. Amma rigarsa ce na nuna, kuma wa da ƙanen nan riga ɗaya gare su. Wanda ke shakka ya zo ya same ni ƙarfe shida a ƙofar ofis. Zan zana masa Santa Inés a ƙasa da bakin tsintsiya, in ajiye tsakuwa sittin da ɗaya, kowace a gidanta. In ya isa, ya ɗaga guda ɗaya ya gaya mini inda ya kamata ta zauna.