Rufin Garken Bassu

Mubarek ɗan Zagora ne, garin bakin hamada da in an ce sanyi ana nufin a ƙara riga ɗaya. Da aka turo shi koyarwa wani ƙauye a duwatsun Atlas, sai aka ba shi gidan da tsoho Bassu ya daɗe yana yi wa ɗansa kwaɗayi. Tun ranar Bassu bai sake amsa masa sallama ba.

Dusar ƙanƙara ta kwana uku tana zuba. Hanya ta toshe, ruwan randa ya daskare, yatsun Mubarek suka ƙi riƙe ko ashana. Kullum da safe yana ganin maza a kan soraye suna ture dusa da shebur na katako, shi a zatonsa ɗumin jiki suke nema. Ba wanda ya ce masa uffan. Mutanen dutse sun iya zuba wa baƙo ido har ya faɗa rami.

Rana ta huɗu azara ta fara kuka, ruwan laka ya ɗigo kan shimfiɗar jaririyarsa. Nan ya gane nauyin dusar ne ke neman karya rufin. Ya gangara gidan Bassu yana nutsewa har gwiwa.

"Baba, don Allah a ara mini shebur. Ɗaki zai rufta mana."

"Au, malam guda, ba a koya maka wannan a boko ba?" in ji Bassu yana kurɓar shayi. "Shebur ɗina na hutawa. Aika a kawo maka ranar garinku ta narkar."

Mubarek ya haɗiye fushinsa, ya cire ƙyauren madafa ya hau soro. Ya yi ta tura dusar da shi ta gefen gangare, don nan ya fi sauƙi. Kowa a ƙauyen ya san lungu ake zubarwa, saboda gidajen bisa juna suke kamar matakala. Shi ko leƙawa bai yi ba.

Kafin azahar aka ji rugugi. Rufin garken Bassu ne ya rufta, da tumaki bakwai masu ciki a ƙarƙashi.

Bassu ya fito ba takalmi. "Ɗan rairayi, ka kashe ni! Wallahi yau ba ka kwana a garin nan!"

Maza suka fara taruwa, kowa da harara. Matar Bassu, Itto, wadda ke tonon laka da hannu, ta ɗago.

"Rage murya, maigida. Tun hantsi kana taga kana dariya, kana jiran ya zame ya faɗo. Inda dusar ke sauka ne kawai ba ka kalla ba."