Darasin Yunwa da Jiri

Shekarar da ruwa ya cinye hanyar Auyo ce kwalejinmu ta tura ni gwajin koyarwa a wata firamare can cikin fadama. Kullum sai in hau acaɓa daga Hadeja har inda hanya ta nutse, daga nan in shiga kwale-kwalen Baba Fannami, mu ratsa tsakanin ciyawar kacalla da gonakin shinkafar da sai kawunanta ake hangowa. Ban daɗe da aure ba, kuma ina da ƙaramin ciki.

Maigidana direban babbar mota ne, zamansa a hanya ya fi zamansa a gida. Kafin ya tafi ya ce da ni, "Ni ban hana ki ba. Amma ranar da Inna ta ce ki zauna, to kin zauna." Na san abin da zaman yake nufi. Duk wadda ta yanke gwajin koyarwa sai ta maimaita shekara, kuma na ga 'yan ajinmu da suka ce za su dawo bayan haihuwa. Har yau ba su dawo ba. Ni kuwa tun ina firamare ban taɓa maimaita aji ba, ban ga dalilin da zan fara da girmana ba.

A gidanmu da gidansu duk al'ada ɗaya ce: cikin fari ba a maganarsa. Inna Mairam, surukata, ta haifi 'ya'ya ta aurar, ba yadda za a yi ta kalli fuskata ba ta gane ba. Sai dai kunyar da ta rufe min baki ita ta rufe nata. Muddin ban ce ba ni da lafiya ba, ba ta da ta inda za ta fara. Da wannan shirun na dogara. In amai ya taso min da safe, sai in shiga bayan gida in riƙa kwarara ruwan buta don kada a ji. In fito in shafa hoda, in durƙusa in gaishe ta, in ɗauki jakata. A cikin jirgi ina tsotsar tsamiya, idona a kan bishiya ɗaya don kada kaina ya juya.

Ranar da malamar da za ta duba ni ta zo, jirgi ɗaya muka shiga. Sunanta Malama Ummussalma, a kwaleji an san ta da rashin wasa. Ta tattare bakin zanenta, ta dube ni ta ce, "Nan kike zuwa kullum?"

"Nan nake zuwa, Malama."

"Ke kika zaɓa?"

"An ce wa zai je, kowa ya sunkuyar da kai."



Darasin ranar Turanci ne a aji huɗu, kalmomin da mutum ke faɗin halin da jikinsa yake ciki na ɗan lokaci: yunwa, ƙishirwa, gajiya, jin barci, jiri. Na shirya shi da kyau. Kowane yaro zai tashi ya kwaikwayi halin, ya dafe ciki ko ya yi hamma, sannan ya faɗa da Turanci. Mun gwada ana gobe Malama za ta zo, har da tsalle suka yi.

Na rubuta kalmomin a allo. Malama ta zauna a bencin baya. Na kira 'Yar'azumi, wadda ta fi kowa kai a ajin.

"Tashi ki dafe cikinki ki ce I am hungry."

Ta tashi, ta saci kallon bayan aji, ta sunkuyar da kai.

"'Yar'azumi, ke nake jira."

"Malama, ni ba na jin yunwa."

"Ai wasa ne, kamar na jiya."

"Jiya ai mu kaɗai ne." Ta ƙara ƙasa da murya. "In aka ji a gida na ce ina jin yunwa a gaban baƙuwa, cewa za a yi na tona mana asiri."

Na kira wata, ta ce ita ma ta ƙoshi. Na kira ta gefenta in ji ko za ta ce ta gaji, ta ce wallahi garau take. Yaran da ruwa ya ci gonakin iyayensu, waɗanda na san rabinsu da koko kaɗai suka fito, suka zauna tsaf kamar 'ya'yan sarauta, kowa a ƙoshe. Abin da ban lissafa da shi ba ke nan, ni da aka raina da irin wannan tarbiyya. Ajin ya yi tsit. Ina jin ƙarar biron Malama.

Daidai nan iska ta kwaso hayaƙin bandar kifi daga gidan da ke bayan makaranta. Warinsa ya buge ni. Allon ya karkata, rubutuna ya rabu biyu. Na dafa tebur. Na san in na ci gaba da tsayuwa faɗuwa zan yi, kuma wadda ta faɗi a aji a kwance ake mayar da ita gida, da 'yan rakiya.

Sai na ja kujera na zauna a gabansu, na dafe goshi.

"I am dizzy," na ce. "Jiri nake ji."

Suka zuba min ido.

"I am tired. I am hungry. I am thirsty."

Ban taɓa faɗa wa kowa waɗannan abubuwa ba tun da cikin ya shiga, ko uwar da ta haife ni. Na yi mamakin yadda suka fito da sauƙi. Da Hausa, in na ce na gaji, mutum ne a gabana da zai ji, ya auna, ya yanke hukunci. Da Turanci kuwa ji na yi kamar na ari rigar wata na saka. Kuma sai a lokacin na ji abin da na rubuta da hannuna a saman allo, cewa halaye ne na ɗan lokaci, masu zuwa su wuce.

Na nuna kaina na ce, "Wa zai faɗa min halin da Malama take ciki?"

Hannuwa suka tashi. Abin da ba za su faɗa a kan kansu ba, a kaina har rige-rige suke. She is tired. She is dizzy. 'Yar'azumi ta ɗebo min ruwa a randa, na sha, na tambaye su ko har yanzu ina jin ƙishirwa, suka haɗa baki da Turanci suka ce a'a. Daga nan muka koma kan jakin maƙwabta da akuyar hedimasta. A zaune na gama darasin.

A hanyar komawa Malama Ummussalma ta ce, "Kin ci. Ba sai na sake zuwa ba." Ta juyo ta dube ni. "Amma ba kwaikwayo kika yi ba."

"Darasi na koyar, Malama."

Ta yi murmushi ta kau da kai.

Saura makonni kafin a rufe gwajin, kuma yara ba su riƙe magana. Daga bakinsu ta je gidajensu, daga gidajensu ta shiga jirgi tare da masu kai kifi kasuwa. Washegari da la'asar na dawo na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ɗago ba.

"Mai kawo mana kifi ta zo ɗazu," ta ce.

"To, Inna."

"Ta ce malamar garinsu ta zauna a gaban yara ta ce jiri take ji, ta gaji, yunwa na damun ta."

 Kalma ɗaya ta rage tsakanina da maimaita shekara. Na shirya zan yi musu, amma na kasa yi mata ƙarya ido da ido. 

Ta cire wata 'yar tsakuwa ta jefar.

"Na ce mata da wane yare ta faɗa? Ta ce da Turanci." Inna ta hure ƙaiƙayi daga faifan. "Na ce to ni Turanci ba ji nake ba."

Na kasa ɗaga kai.

"Akwai ɗumame da nake ajiyewa na safe, ya yi min yawa, almubazzaranci nake yi. Daga gobe ki riƙa taimaka min da shi kafin ki fita. Tashi ki cire takalman nan, duk laka ce."

Na tashi. Na shiga ɗaki na saki labule. Na zauna a bakin gado, na jawo jakata na fara shirin darasin gobe.