Maɗacin da Ya Raka Ni Kasuwa

Jiya da rana, ina kishingiɗe bayan azahar, barci ya sace ni, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Akwai wani maɗaci a gidanmu da ya karkato kan ɗakin Inna, mahaifiyata. Kowa ya ce in damina ta faɗi ba a sare shi ba, a kanta zai kwanta. Na aro injin yankan itace, amma babu sarƙa, babu dogon ƙarfen da take zagayawa a kai. Su ya rage in sayo.

To, a mafarkin na tsinci kaina a garin da doka ta ce duk itacen da za a sare, shi zai raka mutum kasuwa. Maɗacin ya tattare saiwoyinsa ya hau bayan babur ɗina. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba, don ya cika fara'a.

Mai shagon wani jan ƙadangare ne, Alhaji Bawale. Muna shiga suka gaisa da maɗacin har da tambayar iyali. Na ce a raina, waɗannan bakinsu ɗaya.

"Alhaji, ƙarfe mai inci goma sha shida zai yi?" Ya gyaɗa kai.

"Mai talatin da shida fa?" Ya sake gyaɗa kai. Mutumin da ba ya musu, ni tsoronsa nake ji.

Maɗacin ya raɗa mini: "Ɗauki dogon, Tanimu. Ka ga kaurina."

Na gano shi. Injina ƙarami ne, in na ɗora masa dogon ƙarfe numfashinsa zai ɗauke a tsakiyar aiki. Na miƙa hannu kan gajeren.

"Madalla," in ji shi. "Dama shi nake so."

Na janye hannuna.

Sai ga mu a asibitin haƙori. Sarƙoƙi sun yi layi a benci, kowacce ta wage baki. Likitar, wata zabuwa mai tabarau, ta ce dole tazarar haƙoran sarƙa ta dace da gurbinta a jikin injin, in ba haka ba tsalle za ta yi ta sari ƙafata. Ta ƙirga haƙoran wata, ta ƙirga nawa, ta rubuta jimla. Yayyafi yana tashi daga ƙasa zuwa silin, ba wanda ya kula.

Raina ya ɓaci. Na ce duk sun haɗa baki ne don kada in sayi komai.

Maɗacin ya numfasa. "Mu? Sati uku kana zagaya ni da igiyar awo. Ka san mai inci ashirin ya isa, in ka yanka ta nan ka koma ta can. Kai ne ba ka so, don marigayi Malam, mahaifinka, shi ya dasa ni ranar sunanka, kuma ni kaɗai na rage a tsaye cikin abin da hannunsa ya taɓa."

Kunya ta kama ni, ga hawaye. Na finciki igiyar injin don kada in ji sauran, ya kama ruri.

Ashe injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar. Na buɗe ido, Inna tana tsaye a kaina, gabas ta yi baƙi ƙirin da hadari.

"Tanimu, ka zaɓo ƙarfen kuwa?"

Na ce, "Inna, bari in sake awo."